Yadda Ake Cire Tsohon Fenti Daga Dandamalin Katako da Inji Ba Tare da An Cinye Katakon Ba

Fenti ba ya daɗewa a kan katakon da ake takawa a waje, musamman a Kano. Ranar bazara ta gasa shi, ruwan Agusta ya bi ta tsagogi ya kumbura katakon, hunturu ya zo ya busar da shi har ya tsuke. Katako yana buɗewa yana rufewa, fentin da ya tsufa kuwa ya daina miƙewa, sai ya tsattsage ya fara ɓarewa. Abin da mafi yawan mutane ke yi shi ne su sa a shafa sabo a kai, kafin damina ta zagayo sabon ya tashi tare da tsohon. Barandar bene mai daben katako, dakalin katako na gaban shago, dandamalin wurin cin abinci, matakala, duk hukuncinsu ɗaya: sai an sauke abin da ya mutu kafin sabo ya zauna.

Duba katakon kafin ka sayi komai

Ka ɗauki sukudireba ka bi katakon ɗaya bayan ɗaya kana dannawa, musamman bakin da aka yanke, da gindin ƙusoshi, da inda tukunyar fulawa ko randa ta daɗe a ajiye. Inda ƙarfen ya nutse ba gardama, katakon ya ruɓe ko gara ta cinye cikinsa ta bar ɓawo. Wannan ba na gogewa ba ne, na cirewa ne. Ka leƙa ƙarƙashi ma, domin gara ta ƙasa take hawowa, za ka ga hanyarta ta jar ƙasa a jikin ginshiƙai. Ƙananan ramuka masu zubar da gari mai laushi kuma aikin ƙwaron katako ne, ya fi son farin katako irin su obece. In za ka musanya wasu, ka yanki guntun tsohon ka tafi da shi 'Yan Katako a Na'ibawa don a ba ka irinsa da kaurinsa. Sabon katakon ya sha iska a inuwa mako biyu ko fiye kafin a kafa shi, in ba haka ba zai tsuke ya bar gibi.

Sanin irin katakon yana da amfani, don shi zai nuna maka ƙarfin da za ka sa. Maɗaci da loko da tik suna da tauri, suna jure inji. Obece da malaina masu laushi ne, daƙiƙa biyu ka tsaya wuri ɗaya da inji sai ka ga kwari.

Sai fentin kansa. Ka jiƙa tsumma da sifirit ka murza wuri ɗaya na rabin minti. In launi ya biyo tsumman, fentin ya yi laushi, na ruwa ne. In bai ko motsa ba, na mai ne. Ka sa reza ka yanka shi a karkace har katako, za ka ga hawa nawa aka shafa, sau da yawa na sama daban na ƙasa daban. Ka kuma gwada riƙonsa a inda yake da kyan gani: ka tsaga ƴan layuka a gicciye, ka manna salatif mai ƙarfi ka fizge. Wanda bai biyo salatif ba yana riƙe da katako, kuma in fenti za ka sake shafawa, ba dole ba ne a sauke shi, a dusashe ƙyallinsa kawai a daidaita bakinsa. Amma in so kake katakon ya fito da launinsa ka shafa mai ko banish, to komai sai ya sauka.

Maganar dalma

Nan ne ake yin sakaci, kuma nan ne haɗarin ya fi girma. Tsofaffin fentin mai, musamman rawaya da ja da ruwan lemo da kore, da yawansu akwai dalma a ciki. Muddin fentin na zaune lafiya a jikin katako, cutarwarsa kaɗan ce. Da zarar inji ya mayar da shi ƙura, ta shiga hanci, ta sauka a kan kwanon abinci, ta kwanta a ƙasar da yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara, kuma ɓarnar da ta yi ba ta gyaruwa. Wanda ya tuna abin da ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu, ya san ba abin wasa ba ce.

Akwai ɗan tsinken gwaji da ake gogawa a kan fentin da aka tsaga, ya koma ja in akwai dalma. In ba ka samu ba, ka ɗauka akwai ita a duk tsohon fentin mai da ba ka san asalinsa ba. Ma'anar haka a aikace: kada garainda, injin nan mai faifai na masu walda, ta taɓa shi a bushe. A sauke mafi yawansa da makankari ana yayyafa ruwa, ko da maganin cire fenti, ko da iska mai zafi a ƙaramin mataki, sannan a goge ɗan abin da ya rage da injin da aka jona wa na'urar zuƙar ƙura. Yara da masu juna biyu su bar sashen har a gama a wanke. A rufe tagogin da ke kallon wurin, a kwashe shanya, a rufe randa da rijiya. A shimfiɗa tamfol ko leda mai kauri a ƙasa da kewaye. Awaki da kaji su ma a ɗaure su nesa, suna tsintar ɓawon fenti.

Takunkumin kyalle ko na asibiti ba ya tare wannan ƙurar, haka ma rawani ko hirami da aka naɗe a hanci. Ka nemi na roba mai matatai biyu a gefe, wanda aka rubuta P3 ko P100 a jikin matatar. Gemu mai kauri yana hana shi kama fuska sosai, sai ka ƙara ɗaure shi ka gwada: ka toshe matatun da tafin hannu ka ja numfashi, in ya manne a fuska ya kama. Ka haɗa da gilashin kare ido da abin toshe kunne.

Kayan aiki da wutar da za ta ɗauke su

Inji huɗu ne ke wannan aikin, kowanne da inda ya fi ƙarfi. Injin goge mai bel, mai faɗin milimita 75 ko 100, shi ne na fili, yana cin wat 800 zuwa 1,200. Injin goge mai zagaye, mai faifan milimita 125, na gamawa ne da gefe-gefe, wat 300 ya ishe shi. Garainda ƙarama ta milimita 115, irin ta masu walda, tana juyi kusan 11,000 a minti, ita ce mafi sauri kuma mafi ɓarna. Sai bindigar iska mai zafi, wadda ke jan wat 1,800 zuwa 2,000. Za ka same su da sanfefarsu a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, wasu kafintocin ma suna ba da haya.

Kada ka dogara da ƙaramin janareton nan mai cin fetur haɗe da baƙin mai. Bindigar zafi ba zai ɗauke ta ba, injin bel kuma yana jan ninki biyu ko uku na wutarsa a lokacin tashi. Janareto mai 2.5 kVA zai riƙe inji ɗaya a lokaci guda, in mutum biyu za su yi aiki tare a nemi wanda ya fi shi. Ranar da aka kawo wuta mara ƙarfi, kana jin injin yana nishi, ka kashe shi. Ƙarancin wuta na sa motar injin ta yi zafi ta ƙone. Wayar jona ta zama mai kaurin murabba'in milimita 2.5, kuma a warware ta duka daga kan abin naɗinta, wadda aka bari a naɗe tana ɗaukar zafi har robarta ta narke.

Sanfefa lamba ce ke bambanta ta: ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Kana buƙatar 40, 60 da 80, sai 120 don abin dafawa da wurin zama. Ga dandamali mai mita 4 da 5, wato murabba'in mita 20, ka fara da bel shida na 40, uku na 60, uku na 80. Na 40 ne ke mutuwa da wuri don shi ke haɗuwa da fenti. Sauran kaya: makankari mai kaifi da fayil na wasa shi, guduma, ƙarfen nutsar da ƙusa, burushin waya na hannu, fensir.

Ƙusoshi tukuna

Ka share wurin tas, ka bi tsakanin katakai da tsohon ruwan zarton ƙarfe ka fitar da yashi da tsakuwa. Yashin Kano da ya maƙale a tsaga yana kashe sanfefa fiye da fentin. Sannan ka bi layin ƙusoshi ka nutsar da kowace milimita 2 zuwa 3 ƙasa da fuskar katako. Sukurori a ƙara ɗaure su, wanda kansa ya cinye a cire a sa sabo a gefensa. Kan ƙusa guda da ya leƙo ya isa ya yaga sabon bel, ko ya tsaga tafin injin zagaye, ko ya yi tartsatsi a cikin jakar da ke cike da garin katako. Wannan matakin yana cin lokaci, ba wanda ke son sa, amma shi ke rage kuɗin sanfefa.

Sauke mai kaurin

Sanfefa ba ta son fenti mai kauri. Gogayya na kawo zafi, zafi na narka fentin, ya cika idon sanfefar ya daskare, cikin minti biyu ta zama santsi tana ƙona katako. Don haka duk abin da makankari zai iya ɗauka, a bar masa. Ka riƙe shi da hannu biyu kana jawowa wajenka, kana bin tsawon katako, kana wasa bakinsa da fayil duk bayan ɗan lokaci.

Inda fentin mai ya yi hawa uku ko huɗu ya tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe, bindigar zafi ce maganinsa. Ka riƙe ta kamar santimita 5 daga katako, kana kaɗa ta a hankali a kan wuri mai faɗin tafin hannu. Da fentin ya kumbura ya yi ƙuraje, ka matsa da bindigar gaba, makankari ya biyo baya tun da ɗumi. In ya huce ya sake kamawa. In ka ga hayaƙi ko katako ya fara baƙi, zafin ya yi yawa. Yawancin bindigogin mataki biyu gare su, na ƙasa wajen digiri 300 zuwa 350, na sama ya kusa 600. Ka tsaya a na ƙasa, domin zafi mai tsanani yana tayar da dalma ta zama tururin da ake shaƙa. Saboda wannan dalilin ne ma ba a yarda da ƙona fenti da wutar gas ba. Kada ka hura zafi cikin tsagar da ke da busasshen ganye ko gidan gizo-gizo, wuta na iya kamawa a ƙarƙashi ba ka gani ba. Ka daina aikin zafi awa guda kafin ka tashi, ka zagaya ka leƙa ƙasa, bokitin ruwa na kusa.

Fentin ruwa ba ya jin zafi sosai, yana yin danƙo ne kawai. Shi garainda ta fi dacewa da shi, in dai ka tabbata babu tsohon fentin mai a ƙarƙashinsa. Amma faifan da za ka ɗaura shi ne magana. Ka nemi faifan cire fenti, baƙi ko shuɗi-shuɗi, mai kama da soso mai tauri. Ramukan jikinsa ba sa toshewa, kuma ba ya cin katako da sauri. Faifan yankan ƙarfe da burushin waya mai kofi ba na nan ba ne, suna yaga naman katako su bar rami. Faifan zarto kuwa kada a kuskura a ɗaura shi a garainda, yana cijewa ya fizge injin ya dawo kan mai riƙe da shi. Ka duba adadin juyin da aka rubuta a faifan, ya kai na injin ko ya fi. Murfin kariya da mariƙin gefe su zauna a inda suke.

Ka kwantar da faifan kusan a shimfiɗe, ɗan karkata kaɗan, gefensa kawai ke taɓawa. Kada ka danna, nauyin injin ya isa. Ka riƙa share wuri mai tsawon hannu kana tafiya da tsawon katako, kuma ka tsaya da zarar katako ya fara leƙowa ko da akwai dabbare-dabbaren fenti. Masu son su ga fari tas da garainda su ne ke barin dandamali da tudu da kwari, wanda ba ya fitowa sai an shafa sabon fenti rana ta haska shi.

Maganin cire fenti yana da amfani a lungu, da jikin sandunan baranda masu ado, da fentin da ake zargin dalma. Matsalarsa a nan ita ce zafi: yana bushewa kafin ya yi aiki. Ka shafa da kauri da sassafe, ka rufe da leda, ka duba bayan minti 20. Irin maganin mai ƙarfin wari kada a yi aiki da shi a rufaffen wuri, tururinsa na sumar da mutum. Wasu na haɗa sodar yin sabulu, kamar giram 100 a litar ruwa, su kaurara da sitaci. Tana cin fentin mai ƙwarai, amma tana baƙanta maɗaci da loko, tana tayar da gashin katako, tana ƙona fata da ido. In za a yi, soda ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa a kan soda ba, a robar bokiti, ban da tukunyar alminiyam. Bayan an kankare a wanke sosai, a bi da ruwan khal, wato binega, da aka tsinka da ruwa rabi da rabi, in ba haka ba ragowar sodar za ta ci sabon fentin daga ƙasa.

Injin feshin ruwa na masu wankin mota yana taimakawa wajen ɗauraye magani, amma ba shi ne mai cire fenti ba. In aka matso da bakinsa yana tsefe katako ya bar shi da gashi. A sa bakin da ke baza ruwa, a tsaya nesa da santimita 30, a bi tsawon katako. Duk katakon da ya sha ruwa sai ya bushe kafin sanfefa ta hau shi: kwana biyu a rani, a damina har mako.

Gogewa

Ka fara da lamba 40 a injin bel. Ka kunna shi a sama, ka sauke shi yana tafiya, ka ɗaga shi kafin ka kashe. Ka bi tsawon katako, kowane zuwa ya hau rabin na baya. Wayar ta bi ta kafaɗarka don kada bel ya haɗiye ta. Katakon da ya daɗe a rana yakan lanƙwashe, gefunansa su ɗaga tsakiya ta faɗa, sai ka ga injin na cin gefe yana barin fenti a tsakiya. Kada ka karkata injin don ka kamo tsakiyar. Ka bi shi a ɗan gicciye sau ɗaya ko biyu har ya daidaita, sannan ka koma bin tsawo ka share sawun. In lanƙwasar ta yi yawa, injin zagaye ya fi shiga kwarin.

Da bel ya daina fitar da gari ya fara barin baƙin layi, ya mutu, ka sauya. Wanda fenti ya toshe kawai, ana iya farfaɗo da shi ta hanyar goga masa tsohon takalmin roba yana juyi. Jakar ƙura a zazzage ta in ta kai rabi, kuma kada a bar ta cike a jikin inji a kwana.

Kafin ka koma lamba 60, ka share, ka zana layuka da fensir a kan katakon ko'ina. In layukan suka ɓace, ka gama da wurin. Haka za ka yi a 80. Kada ka tsallaka daga 40 zuwa 80, sawun mai kaushin zai zauna, mai ko banish kuma fito da shi suke yi. A daben da ake takawa ka tsaya a 80. In ka wuce haka katakon zai yi santsi ya ƙi shan mai, ga zamewa in an yi ruwa. Abin dafawa da benci su ne ake kai wa 120. Bakin bango da kusurwa injin zagaye da makankari za su ƙarasa. Gefen katakai na cikin tsaga kuma, ka naɗe sanfefa a jikin siririn falanki ka bi su, ka ɗan kashe kaifin bakin kowane katako, don fenti ba ya zama a kan kaifi, daga nan yake fara ɓarewa.

Injin da ya fara tartsatsi ta ramukan iskarsa ko yana yankewa, galibi kabon ɗinsa ne ya cinye, abu ne mai araha da masu gyaran inji ke sauyawa nan take. Ka riƙa hure ramukan iskar kullum bayan aiki.

Shara da sabon shafi

Kada a share ƙurar fenti da busasshiyar tsintsiya. A yayyafa ruwa a kan tamfol, a naɗe shi ciki, a zuba komai a buhu a ɗaure. Ba a zuba shi a kwata, ba a ƙona shi, kuma guntayen katako masu fenti ba sa shiga murhu ko wajen mai tsire. Kayan da ka yi aiki da su a wanke su daban, ka yi wanka kafin ka ɗauki yaro ko ka ci abinci. Dandamalin a zuƙe ƙurarsa, a bi da ɗanyen tsumma, a bar shi ya bushe.

Katakon da aka tsiraita kada ya wuce kwana biyu ko uku a rana ba shafi. Ka fara da maganin gara a ƙarƙashi da ginshiƙai da bakin yanka, irin wanda aka rubuta ana iya fenti a kansa. Baƙin man mota da wasu ke shafawa yana hana kowane fenti kamawa. Ramukan ƙusa a cike su da foti, wato abin cike ramin katako, irin na waje, bayan shafin farko.

In katakon mai kyau ne, maɗaci ko loko ko tik, man katako mai shiga jiki ya fi fenti a wurin da ake takawa. Ba ya ɓarewa, in ya tsufa wankewa kawai za a yi a ƙara. Ana shafawa, a jira minti 15 zuwa 20, a goge wanda bai shige ba, in an bar shi yana yin danƙo ya kama ƙura. Tsumman da ya sha irin wannan man yana iya kama wuta da kansa in aka dunƙule shi, a jiƙa shi a ruwa ko a baza shi a fili ya bushe. In kuwa fenti ne, sai an fara da na shimfiɗa, sannan hawa biyu marasa kauri na fentin da aka yi don daɓe. Lita ɗaya takan rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a hawa guda, ɗanyen katako ya fi haka sha a shafin farko. Loko da tik suna da maiƙo a jikinsu, a goge su da tina kafin shafin.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba, katako ya bushe kuma ƙurar hunturu ba ta yi ƙarfi ba. In aiki ya faɗo cikin hunturu, a yi shafi ranar da iska ta kwanta, a yayyafa ruwa a ƙasar kewaye, a kafa tamfol ta gefen gabas da arewa inda iskar ke fitowa. A bazara kuma a yi shi da sassafe ko bayan la'asar, don katakon da ya ɗau zafin rana yana busar da saman fenti cikinsa na ɗanye, ya yi ƙuraje. A bar hawa na ƙarshe kwana biyu kafin a taka, mako guda kafin a mayar da kujeru da tukwanen fulawa, su ma a ɗora su kan ƴan tubala don ruwa ya riƙa wucewa ta ƙarƙashinsu.